Shekarar da Kaka Ya Jinkirta Shuka

Duk lokacin da na ji yayyafin farko yana bugun rufin kwano, sai gidanmu na Magami ya faɗo mini a rai. A can, kakanmu ake jira kafin a ɗauki sungumi. Yakan tsaya bakin rumbu da hantsi, ya dubi gabas, ya lura da zuwan shamuwa. In ya ce a fita shuka, unguwa duka sai ta fita.

Ina 'yar shekara tara gwaggona, autarsa, ta zo hutu daga inda take aikin hasashen yanayi. Kwana biyu da zuwanta aka sheƙa ruwa har kwari ya cika. Iri kuwa kaɗan gare mu, don daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba.

Da safe ana shirin fita, ta durƙusa gabansa da kwamfutarta, ta nuna masa hoton gajimare da tauraron ɗan'adam ya ɗauko daga sama. Ta ce lissafinsu ya nuna ruwan zai ɗauke kusan mako uku. Baffana ya yi tsaki. Kaka ya daɗe yana duban hoton.

"Kin tabbata, ɗiyata?"

"Tabbas na Allah ne, Baba. Amma da gonata ce, da na jira."

Kaka ya ce a mayar da sungumi, ya aika wa maƙwabta su ma su dakata. Wasu suka ji, wasu suka yi ta cewa tsoho ya bar saninsa ya bi na'ura. Ni dai na ga tuwonsa yana dawowa da saura.

Rana ta buɗe, tsiron waɗanda suka yi gaggawa ya ƙone. Da ruwa ya dawo muka shuka, Kaka ya ɗibar wa gida biyu daga ɗan irin namu. Lokacin girbi, bayan an ɗaure gero, ya aika wa gwaggo cewa in ta zo ta koya masa karatun gajimaren nan nasu. Ta koya masa kuwa, a zaure, gaban 'ya'yansa maza.

Yau manomi a Tsafe ko Bunguɗu a wayarsa yake ganin hasashen damina, ba abin mamaki ba ne. Wanda na daɗe ban gani ba shi ne dattijon da gari ke sauraro, ya zauna ɗiyarsa ta ƙara masa sani, yana murmushi.