Ƙyauren Tagar Ɗakin Inna

Na daɗe ina jinkiri kafin na rubuta wannan, don karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron a ce abin da ya dame ni bai kai a rubuta ba. Ɗaki nake gina wa mahaifiyata a Tambuwal. An yi rufi, saura taga. Sati uku ke nan kafinta yana jira in faɗa masa ko ƙyauren tagar a waje zai kafa shi ko a ciki, na kasa. Damina kuwa ta kusa.

Laifin kakata ne, Allah Ya ji ƙanta. Muna yara a Kebbe, in sanyi ya shigo, bayan sallar isha'i mukan taru a ɗakinta. Ta hura wutar kara, ta tura mana gyaɗa cikin toka, ta ce ga ta nan, mu ce ta zo mu ji. Ni takan ajiye kusa da ƙafarta, wai ni ne mijinta matsoraci.

Akwai tatsuniyarta ta katako biyu, wa da ƙane, da aka tsaga daga itace ɗaya. Aka kafa wan a bayan taga, ƙanen a ciki. Na waje rana ta gasa shi, ruwa ya doke shi, awaki suka yi ta soshe-soshe da shi, kullum yana kuka. Na ciki yana inuwa sumul, ba ya cewa komai. To da yake kowa na ganin na waje, duk shekara sai a shafa masa man kaɗe, a gyara masa ƙusa. Wata rana uwar gida ta dafa na ciki, sai yatsanta ya nutse. Ashe gara ta cinye shi, fatar kawai ta rage.

Na tambaye ta wanne ya fi daɗewa ke nan. Ta ja mini kunne ta ce, "Kai maigidana, mi kaka gaggawa? Wanda anka duba shi ka daɗewa."

Ranar ban yarda na kwanta ba sai da na ƙwanƙwasa ƙyauren ɗakinmu na ji bai rube ba. Yayyena suka yi ta dariya har wata guda.

Sai da na girma na gane da wa take. 'Ya'yanta maza biyu ne. Baffana yana fatauci a kudu, kowa na yi masa addu'a, kowa na jiran saƙonsa. Mahaifina yana gida yana noma, ba ya ƙorafi, ba wanda ke tambayarsa lafiya. Ciwon da ya tafi da shi ya daɗe a jikinsa ba mu sani ba.

Inna, mahaifiyata, ita ma irinsa ce, ba za ta taɓa cewa ruwa na shigo mata ba. Gwiwoyinta sun mutu, in ƙyauren na waje ne ba za ta iya zagayawa ta rufe ba in hadari ya taso. In na ciki ne, ruwa zai zauna a bakin tagar ya jiƙa bango, ga gara a unguwarmu.

Don Allah wanda ya zauna da na ciki damina da yawa ya gaya mini yadda ya ƙare, da abin da ake shafawa gara ta bar shi. Dubawa kam zan riƙa yi da kaina kowace Juma'a, ba sai ta yi magana ba.