Wakilai Biyar Sun Ci Tuwona

Ni ban taɓa jefa ƙuri'a ba, ko akwatinta ban san kamarsa ba. Amma in ana maganar mutanen da suka wakilci yankinmu a majalisar Abuja, tun daga lokacin da soja suka fara sassauta hannu, to a zo a tambaye ni. Su biyar na sani, kuma babu wanda bai zauna a kan tabarmata a Anbariyya, unguwarmu a nan Madina, ya wanke hannu ba.

Alhazan garinmu in sun sauka Madina kwana takwas suke yi. Kwana biyun farko su ci shinkafar Larabawa da kaza suna santi, rana ta uku ciki ya tuna gida. Sai a ce musu su gangara Anbariyya su tambayi mai tuwo. Masu tuwo muna da yawa, har da 'yan Cadi da 'yan Sudan, amma in an ce mai tuwo kawai, ni ce. Ba yabon kai ba, wanda ya ci miyar kukata ya san ba a nan aka koya mini ba.

Na bar ɗa a gida. Shi ne na fari. Yana da shekara biyar lokacin da maigida ya ce mu taho ta Sudan, kakarsa ta wajen uba ta riƙe shi ta ce ba za a kai mata miji cikin rairayi ba, mu je mu dawo mu same shi. Ba mu koma ba. Na haifi mata biyu a nan, maigida ya rasu aka sa shi a maƙabartar Baƙi'a, ni kuma ba ni da iƙama, wato takardar zama. In na fita ƙasar nan ƙofa ta rufe a bayana ke nan. Ɗan nawa kuwa ya girma ya zama mai gyaran keke a bakin kasuwa. Faci nawa mutum zai yi kafin ya hau jirgi? Hanya ɗaya ce ta rage mu ga juna, kujerar Makka irin wadda 'yan majalisa ke rabawa mutanensu duk shekara.

To, ga inda gizo ke saƙar. A wajenmu mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta tambayar lafiyarsa da bakinta, in ana maganarsa sai ta kau da kai. Haka uwata ta yi wa yayanmu har ta koma ga Allah, kuma babu wanda ya ce ba ta son sa. Ni ma da wannan kunyar na ƙetare teku, kuma na riƙe ta fiye da yadda matan gida suke riƙewa, don ita kaɗai ce kayan gidanmu da ba ta lalace a hanya ba.

Na farko cikin wakilan tsohon hedimasta ne, siriri, mai furfura a gemu. Yana shigowa ya dube ni ya ce, "Hajiya, ba 'yar gidan masu rini ba ce ke? Na sha bulalar babanki a kan goruba." Muka yi dariya. Ya ci ya ƙoshi. Yana wanke hannu sai ya fuskanci bango, kamar da bangon yake magana, ya ce, "Akwai wani mai gyaran keke a kasuwarmu, ban ga mai gaskiya irinsa ba. 'Ya'yansa uku yanzu. Ba shi da yawan magana."

Na ce, "Miyar ba ta yi gishiri ba ko?"

Ya ce, "Daidai take. Baɗi in Allah ya kai rai, zai zo ya duba wa Larabawa kekunansu."

 Na shiga madafa na tsuguna gaban tukunya, hayaƙi ya rufa mini asiri. Wannan mutum ya san gida. Ban roƙa ba, bai sa na roƙa ba.

Kafin baɗin ta zo soja suka dawo suka kori kowa. Da alhazai suka zo ya aiko mini da ƙullin daddawa da saƙon baki: a ce wa Hajiya ta yi haƙuri, tabarmar da yake kai ma an naɗe.

Aka yi shekaru babu wakili. Sai aka sake zaɓe, har yanzu a ƙarƙashin soja, wani ɗan kasuwar hatsi ya ci. An buga masa ganga, ya ɗinka manyan riguna, kafin a rantsar da su aka ce an soke komai. Ya zo umara da azumi, ya faɗo ɗakina ana shirin shan ruwa yana cewa, "Hajiya, ga onarabul ɗin da bai taɓa ganin ƙofar majalisa ba. Zuba mini tuwon marasa aiki!" Mutum ne mai barkwanci, amma ba shi da abin bayarwa, ni ma ban ɗora masa ba. Kaset na ba shi ya kai gida. A ciki na gaida mai unguwa, na gaida liman, na gaida matan gidanmu ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda ban san sun rasu ba. A can ƙarshe na ce, "da masu sana'a a bakin kasuwa." Wanda ya san ni ya san don wa aka cika kaset ɗin.

Na ukun shi ne wanda har gobe in na tuna shi sai abin ya dawo mini sabo, kuma bai yi mini laifin komai ba. Lokacin farar hula sun karɓa sosai. Yaro ne matashi, ɗan garinmu amma a Legas ya tashi, ya yi karatu a Turai, Hausarsa duk ta gauraye. Zuciyarsa fara ce. Ya zo da jama'a har ɗakin ya kasa ɗaukarsu: mutanensa, da wani likita ɗan Najeriya da ke aiki a asibiti a nan, da ɗalibai na jami'a su huɗu ko biyar, wasu a tsaye a bakin ƙofa. Ya cinye malmala biyu, ya lashe yatsa, ya ce rabonsa da irin wannan tun kakarsa na da rai. Sai ya zaro biro daga aljihu.

"Mama, faɗi mutum ɗaya. Duk wanda kike so ki gani a duniya. Baɗi zan kawo miki shi ɗakin nan, na yi alkawari a garin Manzo."

 Maza sun fi ashirin, duk ni suke kallo. Wallahi sunan ya taso daga cikina ya zo har kan harshe, na ji ɗuminsa. Na dubi furfurar wani dattijo da ke zaune kusa da ƙofa, na ji kamar uwata ce ke kallona. Na gyara mayafi na ce, "Ina da ƙane."

Ya ce, "Sunansa?" Na faɗa. Ya rubuta.

Abin da ke raina shi ne, ƙanena ɗan gida ne, ya san abin da ake nufi. In takarda ta je masa zai ce, a'a, ba ni yaya take kira ba, ya miƙa wa mai ita. Haka ake yi. Ana faɗin na kusa ne a bar masu hankali su ƙarasa. Da hedimasta ne ke riƙe da biron nan, da ko ƙanen bai rubuta ba.

Da suka watse, maƙwabciyata 'yar Damagaram da ke taya ni kwasar tuwo ta jefar da mara ta ce, "Ke wace irin mace ce? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi!"

Na ce, "Ke kika haifa mini shi?"

Ta ce, "Da ni na haife shi da yanzu yana nan yana cin ƙanzo."

Ƙaramar 'yata, wadda ke aure a unguwar Aƙiƙ yanzu, tana jin Hausa amma da Larabci take amsawa. Ta tsaya a kaina tana ta cewa, "Lesh, ya ummi? Lesh?" wato don me. Na ce ta tafi ta wanke kwanuka, abin da ba a haife ta a cikinsa ba ba za ta gane ba.

Yaron nan ɗan majalisa ya cika alkawari. Shekara ta zagayo, aka yi sallama, na fito da sauri har zanena na kwancewa. Ƙanena ne a tsaye, ya tsufa, yana dariya da bakinsa duka. "Yaya! Ashe ba ki manta da ni ba!" Na rungume shi na yi kuka, shi yana zaton na murna ne, kuma akwai murnar a ciki, ɗan'uwana ne. Kwana takwas ina ciyar da shi. Ban ce masa don me ka zo ba. Ta yaya za ka ce wa mutum bai kamata ya ziyarci Manzon Allah ba? Ranar da za su wuce Makka na ce, "Ya mutanen kasuwa?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Yana nan lafiya. Shi ya ɗauko mini jaka har tasha."

Ya sani ke nan. Dukansu sun sani.

Yaron bai sake cin zaɓe ba. Wanda ya gaje shi mai ƙiba ne, wayar hannu ba ta barin kunnensa. Ya zauna a tabarmata kamar wanda ke kan ƙaya, ya ɗan taɓa tuwon, ya miƙe. Na ajiye girman kaina na bi shi har bakin mota, abin da ban taɓa yi wa namiji ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai wani mai gyaran keke." Ya ce, "A ga sakatarena, Hajiya," aka ja ƙofa. Sakataren ya ce mai gyaran keke wanne, su da yawa ne. Na tsaya ina murza bakin mayafi har motar ta tashi. Bai daɗe a kujerar ba, kotu ta ce ba shi ya ci ba, ta miƙa wa abokin karawarsa.

Wannan abokin karawar shi ne na biyar. Baƙi, dogo, ba ya fara'a, yana da gyambon ciki, kunu kawai ya iya sha. Bai yi mini tayin komai ba. Ni kuwa lokacin gwiwoyina sun fara ƙi, idona ɗaya ya yi hazo, na san abin da ya rage bai kai wanda ya wuce ba. Ɗakin cike yake kamar wancan karon. Na ajiye ludayi na tsaya a gabansa na faɗi sunan. Da ƙarfi na faɗa, da sunan ubansa. Ba zan maimaita shi a nan ba, sau ɗaya ya isa. Fiye da shekara arba'in sunan bai fita daga bakina ba, sai na ji shi wani iri, kamar na ɗanɗana abincin wani gida.

Ya ce, "Wane ne shi a wurinki?"

Na ce, "Ɗana ne. Na fari."

Dattawan da ke wurin suka dubi ƙasa, don su rage mini nauyi. Shi kuwa ya rubuta a bayan takardar masaukinsu, ya ce, "To." Iyakar abin da ya ce ke nan. Na ɗauka ya tafi da iska.

Ashe ya sa shi a layi. Aka yi masa fasfo, aka yi masa allura. Lokacin waya ta isa garinmu, 'yata ta kira ta miƙo mini. Na ji muryar wani dattijo, na kusa cewa a ba ni yaron.

"Ina wuni, Hajiya."

"Lafiya lau. An ce ana tafe."

"Haka aka ce, in Allah ya yarda."

"To, a zo da rigar sanyi, Madina ba Makka ba ce."

Na miƙa wa 'yata wayar don ban san abin da ake faɗa bayan wannan ba. Na ce ai ga shi nan tafe, sauran maganar a zaune za a yi ta.

Saura wata biyu jirginsu ya tashi ya kwanta da zazzaɓi. Kwana shida ya yi, Allah ya karɓi abinsa.

Mutumin nan marar fara'a zai iya ba wa wani ɗan siyasarsa kujerar, ba mai tuhumarsa. Sai ya ce a ba babban ɗan mamacin. Allah ya saka masa, ya ba shi lafiyar cikinsa.

Jikan nawa magidanci ne, har da 'ya'ya biyu. Jika ba a jin kunyarsa. Na kira sunansa sau ba adadi, na kama kunnensa na ce wannan mijin nawa ya zo mini hannu rabbana, ko turmin atamfa babu. Ya ce, "Ke da kika gudu kika bar ni tun ba a haife ni ba, ai ni zan kai ƙara." Muka yi dariya har na shiga tari. Da ya gama ci na zauna kusa da shi ina ta kallon hannuwansa da goshinsa.

Na ce, "Kama kuke da shi?"

Ya ce, "A'a. Ya fi ni tsawo, ya fi ni haske. Ni gidan su innata na biyo."

 Can na ce, "Shekarar da ƙanena ya zo, ya ji haushi?"

Ya daɗe yana juya kofin ruwa a hannunsa. Ya ce, "An yi ta surutu a gari, wai an tambaye ki wa kike da shi kin tsallake shi. Har wurin aikinsa ake zuwa ana faɗa masa. Ina nan ina riƙe masa taya wata rana wani ya sake tayar da maganar. Bai ɗago kai ba, ya ce, ku ba ku san ta ba."

Na ce, "Haka ya ce?"

"Haka ya ce."

Shi ma ai bai san ni ba. Shekararsa biyar na tafi, da rigar saƙi a jikinsa, yana bin akuya a tsakar gida, ban ko kira shi na ce na tafi ba don surukata na tsaye.