Gurbin da Na Bari Fanko

Mahaifina ya yi shekaru yana rakiyar zinare daga wurin maƙera zuwa shaguna, kuma yana da lasisin wata ƙaramar bindiga da yake ɗaurawa a ƙugu, ƙarƙashin farar jallabiyarsa. Libarba ce mai cin harsashi biyar, ba ta da wani nauyi, amma shi musaddas yake ce mata kamar kowa a Madina. Wanda bai san ta ba sai ya raina ta. Rashin nauyin nan kuwa shi ne masifarta, domin in ta tashi, duk ƙarfin harsashin a tafin hannunka yake ƙarewa.

Sai da na yi aure sannan ya yarda ya kai ni wurin koyon harbi a bayan gari. Yana da wata dabara. Zai ce mini, "Akwai fanko ɗaya a ciki," sai ya juya baya ya loda, ya sa tsohon kwanson harsashi a gurbi guda. In na ja kunama ta faɗa kan kwanson, babu ƙara, babu duka, amma sai bakin bindigar ya duƙa ƙasa. Sai kowa ya ga hannuna ne ya tsorata tun kafin a taɓa shi.

"Shuf, shuf," yake cewa, wato duba, duba, yana ƙyaƙyata dariya. "Ba ita ta motsa ba, ya waladi, ɗana, kai ne. Damƙe ta da kyau, ka bar ta ta doke ka. Kada ka riga ta."

Har gida yake kai labarin. Ko cokali na yar, sai ya ce na taka fanko. Haushi nake ji sosai, ga shi yanzu dariyar nan nake nema.

Bayan ya ajiye aiki hannunsa ya fara rawa, shayi yana zuba masa a riga. Duk da haka kullum da safe sai ya ɗaura bindigar, ko da burodi zai sayo a unguwar Ƙurban. Wata rana mahaifiyata ta ja ni kicin ta ce, "Ga jikoki a gida, ga hannun nan nasa. Ka raba shi da ita." Na san gaskiyarta ce, amma bakina ya kasa faɗa masa.

Sai na yi abin da na ɗauka wayo ne. Na gayyace shi wurin harbi, na ce, "Baba, kawo in loda maka." Na sa kwanso fanko a gurbi na uku, ban gaya masa ba.

Harbi biyu na farko suka kauce, ya ce laifin tabarau ne. A na uku sai wani ɗan ƙas. Hannunsa ya zabura har kafaɗa, bakin bindigar ya nufi ƙasa, idanunsa a runtse. Mai kula da wurin ya kau da kai. Mahaifina ya buɗe ta, ya zazzage harsasan a tafinsa, ya tsinci kwanson ya daɗe yana kallo.

"Ni ina gaya maka kafin in sa," ya ce. Bai ɗaga murya ba.

Muka koma gida a unguwar Harra ta Yamma. Washegari ya tafi shi kaɗai ya miƙa bindigar ga hukuma tare da lasisin. Mahaifiyata ta sa mini albarka, ni kuwa zuciyata kamar ta fashe.

Bai taɓa yi mini faɗa a kai ba. In zai fita, nakan ga ya shafa ƙugunsa a bakin ƙofa, sannan ya sauke hannun. Sau biyu na yar da cokali a gabansa da gangan, ina jiran ya tsokane ni. Ya sunkuya da hannun nan mai rawa ya ɗauko, ya miƙo mini. Har Allah ya karɓi ransa bai sake yi mini dariya ba.