Shayin Geza na Kakata

Kwanakin baya wani ɗan ƙasar Sin da muke aiki tare a Damagaram ya haɗa mini shayinsu na ɗanyen ganye, wai daga itatuwan daji aka tsinko shi. Na kurɓa, ɗaci ya kama mini harshe. Kafin in yi magana zaƙi ya taso daga maƙogwaro. Sai na fashe da dariya, don kakata ta riga shi.

Shekarar da fari ya cinye gero ce, soja na mulki, an kuma rufe iyaka. Babanmu ya tafi cin rani Kano, hanya ta toshe masa. Hatsi ya ja baya a gidanmu na Matameye, har Inna, mahaifiyarmu, ta ɗaure kayanta. Ta ce in an ci kasuwa za ta kwashe mu zuwa gidan iyayenta a ƙauyen Yauri, nan kusa da mu. Kaka kuwa ta yi wa ɗanta alkawarin zai tarar da gidansa yadda ya bar shi. Amma suruka ba ta buɗe baki ta roƙi matar ɗanta, akwai kunya.

Ganyen shayi ya ƙare tuni. Sai Kaka ta riƙa bin hanyar Dungu tana tsinko tohon geza, tana shanyawa a inuwa. Bayan magariba ta hura wuta, ta tafasa ruwa, ta sauke, sannan ta zuba ganyen. Ran da na ce a bar shi kan wuta ya yi ƙarfi, dungure ni ta yi.

"Kai maigidan banza, ko sukari ba ka kawo ba, sai iyayi! Ɗanyen ganye ba ya son azaba."

Ana gobe kasuwa ta miƙa mana kofuna, ta ce, "Ga ta nan ta iso ƙofa, wa zai buɗe mata?" Muka ce mu ne. Inna na gefe ta ba mu baya, wai tana tsince wake.

Tatsuniyar ta wasu mata biyu ce da ƙishi ya kama a daji. Suka roƙi mangwaro, ya ce sai an ba shi ruwa tukuna. Suka roƙi geza, ta ce, "Ni ba wanda ya shuka ni, ba wanda ya taɓa ba ni ruwa. Ku ɗebi tohona, amma kada ku tofar da na farko." Ta fari ta tauna, ta ji ɗaci, ta tofar, ta yi gaba tana zagi. Ta biyu ta runtse ido ta haɗiye, ta zauna. Can sai bakinta ya cika da zaƙi, ƙishi ya kwanta, har ayari ya zo ya same ta a wurin.

Ƙanwata Rabi ta ce, "Ta farin fa?"

"Oho! Ban bi ta ba, ƙafata ciwo take."

Muka yi ta dariya, muna haɗiye shayin da yamutsattsun fuskoki. Kaka ta sake zuba ruwa a kan ganyen nan, ta tsiyaya, ta ce in kai wa Inna. Inna ta karɓa da hannu biyu, ta sha. Daga baya ta ce wa Kaka, "Gwaggo, na biyun ya fi daɗi."

Washegari motocin kasuwa suka cika suka tashi, mu muna gida. Babanmu bai samu dawowa ba sai da damina ta kusa faɗuwa.

Na yi shekaru ina zaton Kaka dabarar shayar da mu abu mai ɗaci take yi. Sai da na girma, na ga yadda magana take nauyi tsakanin mutanen da ke jin kunyar juna, na gane mu 'yan rakiya ne kawai a daren nan. Na taɓa tambayar Inna ko ta san da ita ake. Ta harare ni.

"Wake nawa ne a gidan da zan kwana ina tsincewa?"