Inda Nake Taka Birki

Shekara biyu na yi ina tuƙa motar tsere ta wani Balarabe, a wata 'yar gajeriyar hanyar zagaye da ke bayan garin Jidda. Motar kujerarta ɗaya, tayoyinta huɗu tsirara a waje, ba rufi. Da farko makanikinsa ne ni. Wata safiya direbansa bai zo ba, ya ce in zagaya da ita ya ji ƙarar injin. Da na tsaya ya dubi agogo, ya dube ni, daga ranar kujerar ta zama tawa.

A gidanmu na unguwar Kurayyat ba wanda ya gane aikin. Mahaifiyata tana gaya wa maƙwabta ɗanta direba ne, su kuma su tambaye ni nawa zan kai su filin jirgi. Na gaji da bayani, na bari. Ranar da na fara zuwa na ɗaya, a leda na sako kofin, na tsaya a unguwar Madain Fahd na ci kaza da shinkafa ni kaɗai.

Farkon shekara ta uku muna cin wake da burodi, maigidan ya gaya mini ya sami sabon direba. Uban saurayin yana da shagunan taya, zai ba mu tayoyin shekara kyauta. Motar tsere kuwa taya take ci kamar gyaɗa.

"Halas, magana ta ƙare," ya ce. "Ka san ba don ya fi ka ba ne."

Na riƙe wannan maganar gam, don ita kaɗai aka bar mini. Na koma kan sifana.

A sana'armu ba a gadon kujera, kowane direba da jikinsa ake zuba masa tasa. Ana shimfiɗa babbar leda a cikin motar, ya zauna a kai, a tsiyaya ruwan soso a ciki, ya kumbura ya bi bayansa ya daskare. Ni na fitar da tawa, ni na dafa kafaɗun sabon direban har tasa ta kama. Na so ya zama mai girman kai, in ƙi shi da hujja. Sai ga shi da ladabi, har ruwa yake kawo mini.

Makon farko ya yi ta juyewa a kwanar ƙarshe. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Ranar Alhamis ya same ni ƙarƙashin rumfa ina wanke hannu da fetur.

"Ammi," ya ce, wato baffa da Larabci, "a ina kake taka birki a kwanar can?"

Kowa a allon gargaɗi yake takawa. Ni sai na wuce allon, na kai wani facin kwalta baƙi, kuma da wannan 'yar tazarar na ci duk tseren da na ci. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ina iya ce masa allon, ba mai kama ni. Amma shekara biyu ba wanda ya taɓa yi mini tambayar da ta nuna ya san abin da nake yi, sai shi. Na ja shi cikin rana, muka taka har wurin, na ɗora ƙafata a kan facin.

A raina ina cewa ba zai iya ba, wannan sai mai zuciya. Agogon a hannuna yake bayan mako uku, da ya wuce lokacina. Na ce iska ce ta taimake shi. Ya sake zagayowa, ya ƙara ragewa. Maigidan yana ta tsalle yana dukan bayana, yana cewa ni na koya masa.

Na yi wa yaron barka, kuma da gaske nake. Amma a motar haya ta komawa gida baƙin ciki ya tokare ni. Da kuɗin ubansa kaɗai yake da su, da na rayu ina cewa zaluntata aka yi. Yaron ya iya tuƙi, ya ma fi ni.