Inabin Ummaru Ya Rasa Mai Aski

Shekara tara ke nan da rasuwar aminina Alhaji Ummaru. A zamaninsa, in rani ya yi, mutanen Talata Mafara kan sayi ɗanyen inabi da raɓarsa, daga lambunsa na bayan ƙauyen Tsibiri. Yau ko hanyar lambun ba mai bi, 'yan bindiga sun zaune dajin.

Fataucin auduga ne ya kai mu ƙasar Samarkand muna da sauran ƙarfi. Na ga gonakin inabi a Lebanon da Maroko, amma can ne na ga kurangar inabin da ta girmi kakan mai ita. Kafin ƙanƙara ta sauko, sai su kwantar da ita su binne da ƙasa, bazara su tono. Inabin kuwa, wani su shanya, wani su matse a manyan randuna ya zama giya. Tsohon da ya sauke mu ya miƙo ƙoƙon giyar, Ummaru ya yi dariya ya ce da ni, "Gaya mishi shi riƙe ruwanai, shi ba ni icce." Tsohon ya ba shi rassan inabi a jiƙaƙƙen tsumma, ya kawo gida ya dasa.

Mu ba mu da ƙanƙara. Sai Ummaru ya riƙa datse rassan bayan damina, yana tsige ganyen kaf. Aski yake kiran aikin. Ba aski, ba 'ya'ya.

Jikan tsohon nan yana aiko mini da hotuna. Girbinsu na shekarun nan ya yi albarka, baƙi har daga Turai suna zuwa ɗanɗano. Yaƙe-yaƙe sun ratsa ta kansu, amma kullum akwai wanda ya rage a gona. Ina kallo ina tambayar kaina, me Ummaru zai ce? Namu damina uku ba aski.

Bana ɗansa Sani ya zo mini da mahaifiyarsa, in raba musu gardama.

"Baba, reshe guda za ni yankowa, in dasa cikin gida."

Hajiya ta ce, "Alhaji, shi kaɗai gare ni. In sunka kama shi, icce za ni kira ɗana?"

Na san Ummaru da kansa zai tafi. Na kuma san ba zai aiki Sani ba. Na ce kada ya je, ya tashi bai yi mini sallama ba, amma bai je ba.

Masu itace da ke satar shiga dajin sun ce rumfar inabin ta faɗi, kurangar ta bushe. Hannun Sani ya iya aski, abin da ya gada ke nan. Irin inabin kuwa ya ƙare a ƙasarmu.