Wayar da Ba Ta da Jan Farce

Har yau ban manta da wata ranar Laraba ba, a hutun zango na biyu, ina aji biyu na babbar sakandare. Babana mai wayarin mota ne a Kazaure, ni kuma ina taya shi a lokacin hutu. Aikina yanka waya, matse mata baki, da naɗa tef. Ba na son magana a gaban mutane, saboda haka shagon ya yi mini daidai.

Mako guda kafin ranar, Alhaji Lawan, mai sayar da maganin dabbobi, ya kawo motarsa a sa mata batir na biyu. Yana kai allurar rigakafi Babura da Gwiwa a cikin ƙaramin firij, kuma allurar ba ta son zafi. Tsarin aikin shi ne: a fara cire baƙin kan batirin mota. A ja waya mai kauri daga jan kan batirin zuwa sabon batirin da ke but a bayan mota, a sa fis mai yanke wuta idan ta yi yawa a kowane ɓangare, kusa da batir, bai wuce taƙi ɗaya ba. A tsakiya ake sa rile, wani makunni da ke haɗa batiran idan inji yana aiki, ya raba su idan an kashe, don kada firij ya shanye batirin tayar da mota. Ni na matse bakunan wayoyin duka. Kowanne na gama, sai in ɗiga masa jan farce, don in san na duba shi.

Ranar Larabar sai ga motar an turo ta. Alhaji ya fito yana faɗa tun bai yi sallama ba.

"Malam Sani, batir biyu sun mutu a rana ɗaya! Ga wari kamar ana ƙona roba. An ce mini yarinya ka ba aikin motata."

"Alhaji, a zauna tukuna."

"Ba zama ya kawo ni ba. Ko dai kayan jabu ne, ko hannun 'yar makaranta."

Baba ya kalle ni. Wannan kallon ya fi mini faɗan Alhaji ciwo. Na san idan laifin nawa ne, daga ranar na bar shago ke nan, domin dama 'yan'uwan Baba suna cewa ba wurin mace ba ne.

Direban Alhaji, Ɗanjuma, yana tsaye can gefe. Mutum ne mai surutu, wancan makon har tsokanata yake yi da "Injiniya". Yau ko gaisuwa bai yi ba. Na lura babban yatsansa a naɗe yake da tsumma, kuma duk lokacin da Baba ya nufi kujerar baya, sai ya gyara tsayuwa.

Baba ya cire baƙin kan batiran biyu, ya duba fis, duka lafiya. Ya gwada rile, lafiya. Ya fara jan bakunan da na matse ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda ya saki. Ni kuma ina ƙirga ɗigon jan farce. Takwas na ɗiga. Amma a jan kan batirin but, bakin waya na tara na gani, an cusa shi ƙarƙashin noti, babu ɗigo.

Na matsa kusa, na ce a hankali, "Baba, waccan ba tamu ba ce."

"Wacce?"

Na nuna. Ya bi ta da hannu, ya ɗaga kujerar baya. Siririyar wayar gida ce, irin ta ƙwan lantarki, an ja ta kai tsaye daga batir zuwa batir, babu fis, ba ta bi ta rile ba. Robarta ta narke ta manne da soson kujera, kusa da galan ɗin fetur da suke ajiyewa.

Alhaji ya juya. "Ɗanjuma?"

"Alhaji, wallahi taimako na yi. A kasuwar Babura mun daɗe a tsaye, firij ya mutu. Na ji tsoron allurar. Wani mai cajin waya ne ya ba ni ita, ya ce haka ake yi."

Baba ya ce, "Da ka tayar da inji kawai, da batirin ya cika da kansa. Wannan da ta taɓa ƙarfe, da gobara ta tashi, ba allura kaɗai ba, har kai."

Alhaji ya daɗe yana kallon soson da ya ƙone. Bai ba ni haƙuri ba, sai dai ya ce, "Malam Sani, yarinyar ce za ta mayar da wayoyin."

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan ba a tsoron mugu kamar mai son taimako da ke tsallake fis. Kuma idan abu ya lalace, ƙarami ake fara kallo, don haka ka bar shaida a kan aikinka. Da aka tashi, Baba ya aike ni in sayo sabuwar kwalbar jan farce. Yanzu tana cikin akwatin sifanarsa.